Zinarin da Na Ɗaura wa Walida

Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Haka abin ya fara, ranar wata Litinin bayan la'asar, a falon yayata Bilki. Mijinta, Yaya Auwal, yana zaune a ƙasa yana sauya batirin wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo, wadda ya aro daga makarantarsu zai tafi aikin awo da ita washegari. Tana ɗan yin ƙara jefi-jefi kamar ɗigon famfo. Na fito daga ɗaki da jaririyarsu Walida a kafaɗa, na sunkuya zan miƙa masa ita, sai na'urar nan ta haukace. Na ja baya, ta lafa. Na matso, ta sake ɗauka. Yaya Auwal mutum ne da ba ya kirana da sunana, kullum tsokana, kullum "Tafinta". Ranar ya ɗago ya dube ni, babu alamar wasa a fuskarsa, ya ce, "Salamatu, mene ne a jikinki?"

Wata biyu ke nan da dawowata Kano, kuma tun ranar da na sauka kuke damuna da tambaya. Yaya Malesiya? Me suke ci? Hafsa ma har cewa ta yi na dawo da girman kai, ban kawo wa kowa tsarabar kirki ba sai alawa. To Hafsa, na saya miki tsaraba, na saya wa Zulai, na saya wa duk 'yan ajinmu na Islamiyya. Tana can a kulle a hannun gwamnatin ƙasar. Idan na fara faɗa da baki muryata rawa take yi, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta huta da tambaya.

Asali ba ni ya kamata na je ba. Umma ce za ta tafi zaman jego, likita ya hana ta doguwar tafiya saboda hawan jini. Ni kuwa na gama sakandare ina gida ina koyon ɗinki, sai aka ce ga Salamatu. Umma ta cika min akwati da kanwa da yaji da daddawa da kuka da kilishi, kayan sawata kuwa a jakar hannu suka ƙare. Ta yi ta maimaita min yadda ake gasa wa jariri cibi har na haddace.

A jirgi na zauna kusa da wata hajiya 'yar kasuwa mai zuwa Sin saro kaya. Ita ta ɗaura min bel, ita ta cinye burodina tana cewa, "Tunda tsoro ya hana ki ci, kada a mayar musu." Da na shiga banɗaki na danna abin wankewa, ƙarar da ya yi ta sa na yi salati da ƙarfi, na zaci ƙofar jirgin ce ta buɗe. A Addis Ababa muka rabu. Ta nuna min ƙofar da zan jira ta ce, "Kada ki bi kowa, ki bi lambar." Daga nan na zama ni kaɗai, har na rasa lissafin sallolin da ake bina, don rana ta riga agogona gudu.

A filin jirgin Kuala Lumpur lalle ya so ya ja min. Na sha lallen tafiya har bakin yatsu, na'urar ɗaukar yatsa ta ce ba ta san zancen ba. Jami'ar ta goge min, na dangwala, ta sake gogewa, layi ya yi tsawo a bayana. Da ƙyar ta karɓi ɗan yatsa ɗaya. Matar ta buga hatimi ta ce, "Selamat datang." Na ce, "Na'am!" Na zaci sunana ta kira. Da na ɗaga kai sai na ga an rubuta Selamat a bango, a ƙofa, har a jikin kwandon shara. Ashe barka da zuwa ne. 'Yan kwastan sun ƙwace kilishin. Daddawar kuwa wani ya buɗe ya sansana, ya rufe da sauri ya tura min kayata, ko tambaya bai yi ba.

Kafin mu fita na ga wata alama ruwan ɗorawa mai kama da fanka mai fukafukai uku a jikin wata ƙofa. A mota na tambayi Yaya Auwal, shi da ya zo karatun digiri na uku a kan irin wannan harkar. Ya ce alamar tiririn nukiliya ce, wani abu da ba a gani, ba shi da wari, ba shi da zafi, amma idan ya yi yawa a jiki yana jawo cuta, har da ciwon daji. Ya ce tun da teku ta afka wa wata tashar lantarki ta nukiliya a Japan shekarun baya, ƙasashen yankin suka ƙara sa ido, ana auna iska da ruwan teku da kifin da ake shigowa da shi. Na ce masa Allah Ya kyauta, na koma kallon itatuwan manja. Ban ɗauka zancen zai taɓa zuwa kaina ba.

Gidansu yana Pantai Dalam, a hawa na goma sha huɗu. Kwana uku ina rufe ido a cikin lif. Wankan jego babu itace babu ganyen darbejiya, a kan gas nake tafasa ruwa a babbar tukunya, tururi ya cika ɗan banɗakin. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce 'yar ƙasar, Makcik ake ce mata, wato goggo. Ta leƙo ta ga abin da nake yi ta yi dariya, ta koma ta dawo da wani dogon ƙyalle ta naɗe wa Yaya ciki tamau, ta gasa dutse ta nannaɗe a tsumma tana dumama mata mara. Su ma kwana arba'in da wani abu suke yi ba fita. Ta ɗanɗana kunun kanwa ta yamutsa fuska, ni ma na ɗanɗana ruwan saiwoyinta na yamutsa tawa, muka zama ƙawaye. Shinkafa suke ci da sassafe, miyarsu da sukari. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so, durian, wanda har a lif an hana shiga da shi saboda wari. Ranar da na jefa daddawa a miya Makcik ta toshe hanci, na ce mata da hannu, ke da kike cin wancan abin?

Abin da ya fi burge ni shi ne yarensu. Kunnena ya dinga tsintar Hausa a ciki. Dunia duniya ce. Khamis Alhamis, Jumaat Juma'a, masalah matsala, sabar haƙuri irin na sabiru. Na dinga faɗa wa Yaya abin da masu talabijin suke cewa, rabi daidai rabi ƙirƙira. Yaya Auwal ya nuna min cewa kuda doki ne a wurinsu, mata kuma ido, amma ban ji gargaɗin ba. A nan ya laƙaba min Tafinta, ni kuma sunan ya yi min daɗi.

Bayan suna da mako biyu na roƙi a bar ni na je kasuwar Masjid India ni kaɗai. Na hau jirgin ƙasa na sauka na shiga. Ku ɗauka kasuwar Kwari ce aka wanke ta aka sa mata rufi: yadi, mayafai, abaya, turare. A wani lungu na ga wani dattijo da teburinsa a ƙarƙashin shuɗiyar lema, ya baza wasu duwatsu baƙaƙe masu faɗin kwabo, da huda a sama, suna ƙyalli ɗigo-ɗigo idan rana ta taɓa su. Ya ɗaga ɗaya yana cewa, "Sinaran, sinaran." Na ce, "Zinari?" Ya gyaɗa kai da ƙarfi, "Ya, ya, sinaran!" Ya ƙara da guntun Turancinsa cewa yana da kyau ga jiki, yana kare yara.

Kun san halinmu. Ɗiya mace, ana so a ce wance ce ta fara sa mata zinari. Ni ƙanwar uwa ce, ba ni da ƙarfin shiga shagon masu gwal, ga shi Allah Ya kawo min ɗanyen zinari a cikin dutse, da araha, a bakin titi. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe zinari ya fara zama a kan tebur ba mai gadi ba. Na kwashi goma sha biyar. Ɗaya na rataya a wuyana cikin riga. Ɗaya na ba wa Maman Sudais, wata 'yar Zariya da ke hawa na tara. Mafi ƙanƙanta na zura a baƙin zare na ɗaura wa Walida a ƙugu, a kan 'yar singiletinta, ƙarƙashin riga. Yaya Bilki ta gani ta ce, "Oh, 'yar gatan Anti." Yaya Auwal kuwa daga ɗakin bincike sai masallaci, bai taɓa gani ba. Kwana tara yana jikinta.

To mu koma falo. Da ya tambaye ni, na ciro nawa daga wuya na ce, "Zinarina ne." Ya kara na'urar, ta yi ta ihu. Ya ce na ajiye a can bakin taga. Na ajiye na dawo, Walida tana hannuna. Na'urar ba ta yi shiru ba. Ya miƙo hannu a hankali ya ɗaga rigar yarinyar, sai ga dutsen a ƙugunta.

"Me mai kayan ya ce miki?"

"Cewa ya yi sinaran. Zinari."

Ya rufe ido. "Sinaran tiriri ne, Salamatu. Shi ne abin da na faɗa miki a mota."

Ya karanta takardar da ke cikin kwalin da aka sako min duwatsun. An rubuta wai dutsen yana kare mutum daga tiriri. Tun bayan hatsarin nan na Japan mutane suke tsoro, wasu kuma suka mayar da tsoron kasuwa. Ya ce irin yashin da ke raguwa bayan an haƙi kuza, kamar na Jos, shi ake cuɗawa a ciki, shi ya sa abin da aka ce yana karewa shi yake fitarwa. Ya tsinke zaren da almakashi. A daidai wurin akwai wasu jajayen ƙuraje ƙanana. Yaya Bilki ta karɓe 'yarta daga hannuna. Ba ta zage ni ba, ko harara ba ta yi min ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, da yamma kuma ita ta yi mata wanka da kanta. Wallahi da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yaya Auwal ya kira hukumar da ke sa ido a kan harkar nukiliya a ƙasar. Suka ce kada a fasa, kada a jefar, a ƙulle a leda a sa a gwangwani nesa da mutane, kowa ya wanke hannu, gobe a zo da kayan da duk wanda ya sa. Na sauka hawa na tara karɓo na Maman Sudais. Ta cire ta wurga min kamar kunama, sannan ta jawo ni gefe.

"Ke yarinya, ki zuba su a leda ki jefa a shara kawai. Wa ya gan ki? Da bizar ziyara kika zo, za ki ɗauki ƙafarki ki kai kanki wurin hukuma? Guda goma sha biyar fa, cewa za su yi sayarwa kike."

"Anti, ai jaririyar sai an auna ta."

"A kai ta asibiti a ce ƙurji ne. In suka riƙe fasfonki mu ba ruwanmu."

Na hau sama na maimaita musu abin da ta ce. Yaya Auwal ya ce idan ina tsoro na zauna, zai ce shi ya sayo. Na so na amsa. Sai na tuna teburin dattijon nan, a gefe ɗaya ya rataye ƙanana-ƙanana masu zare ja da shuɗi, na jarirai zalla. Yaya Auwal bai san lungun ba. Ni kaɗai na sani. Na ce masa, "Ni na sayo, ni zan faɗa."

Ofishin yana bayan gari, tafiyar kusan awa guda. Na tafi ina jiran sojoji da bindiga, sai wata mata gajera mai mayafi ruwan toka da tabarau ta tare mu, Puan Noraini. Ta fara da yi wa Walida wasa kafin ta taɓa komai. Ta bi jikinmu da na'urarta tun daga kai har ƙafa. Ta goga auduga a ƙugun yarinyar da wuyana ta sa a kwalabe, ta karɓi singiletin, ta karɓi duwatsun, aka rubuta kowanne da lambarsa. Ta ce abu biyu za su duba: yawan tiririn da dutsen ke fitarwa, da kuma ko yana zubar da gari wanda zai iya shiga bakin jaririya. Likitansu ma ya duba ƙurajen. Sakamako sai Alhamis.

Sannan ta zaunar da ni ta ce na ba ta labari. Yaya Auwal ya buɗe baki zai taimaka, na ce masa zan iya. Da Turancina na jarrabawa na faɗa mata komai, har zancen zinari. Na zaci za ta yi dariya. Ta ajiye biro ta ce ita ma da ta je Umra ta sha yin irin wannan da Larabci. Ta ce aikinsu ya ƙaru sosai tun bayan hatsarin, suna da na'urori a tashoshin ruwa da filayen jirgi, suna auna iska da kifi, amma abin da ke kan teburin ɗan tireda ba su da idon ganinsa sai wani ya kawo musu. Ta ce galibi wanda ya gane sai ya jefa a shara ya yi shiru. "Za ki iya kai mu wurin?" Na ce zan iya.

Ranar Laraba ni ce a gaba, jami'ai uku a bayana, Yaya Auwal yana can baya yana fama da taswirar waya. Na bi ta gaban mai turare, na wuce shagon Ba'indiyen da ke kitsa furanni, na karya a lungu na uku inda ake soya ayaba. Ga shuɗiyar lema. Ni da na saba ganin idan hukuma ta shigo kasuwa kowa ya tattara tabarmarsa ya ruga, na tsaya ina jiran ihu. Puan Noraini ta yi masa sallama, ta nuna katinta, ta kara na'urar a tebur. Sannan ta nemi izini ta kara a ƙirjinsa. Ashe shi ma yana sanye da ɗaya, shekara biyu. Da ya ji ƙarar sai ya nemi wurin zama, aka jawo masa kujera. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Suka kwashe kayan, suka ba shi takarda, suka rubuta inda yake sarowa, suka ce shi ma ya zo a duba shi. Duk fushin da na taho da shi ban san inda ya bi ba. Na tsaya ina kallo ana zuba na jariran nan a cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, har igiyar ta zama wayam. A rayuwata ban taɓa yin wani abu da ya kai wannan ba, kuma ina faɗa ba tare da kunya ba.

Amma wannan bai cire min komai daga ƙirji ba. Na kasa cin abinci. Makcik ta kawo min fate-faten shinkafa ta zauna a kaina sai da na sha cokali uku. Yaya Bilki tana yi min magana, sannu, ina kwana, miƙo min wancan, amma Walida ba ta dawo hannuna ba, ni ma ban nema ba. Har yanzu a nan Kano idan Umma ta danna makunnin gas ya yi ƙas-ƙas-ƙas sai na zabura, ita kuma ta rasa dalili.

Ranar Alhamis muka koma. Aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi da agogo a bango, na yi ta kallonsa. Ƙarfe huɗu saura kwata Puan Noraini ta shigo da takarda. Ta dubi Yaya Bilki, ta dube ni, ta ce, "Selamat."

Na miƙe tsaye na ce, "Na'am."

Ta yi murmushi. "Ba kiranki na yi ba. Sakamakon nake faɗa muku."

Ta yi bayani a hankali. Dutsen bai gutsure ba, babu garinsa a fatar yarinyar ko a singiletinta. Ƙurajen na zafi ne, inda zare yake tara gumi. Tiririn kwana tara bai kai wanda ni na ɗauka a sama cikin jirgi daga Kano zuwa Malesiya ba. Haɗarin yana ga wanda ya yi watanni da shekaru da shi a kan fata, ko yaron da ya fara haƙori ya tauna. Na ji duk abin da ta ce, amma na riga na daina yarda da kunnena. Na juya wurin Yaya Auwal.

"Yaya, selamat ɗin nan, salama ce irin tamu? Ko ita ma wani abu ce daban?"

Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. "Wannan kam kin fassara daidai, Tafinta."

Yaya Bilki ta tashi. Ta zagayo teburin, ta ɗora min Walida a kafaɗa, ta gyara mata hula, ta ce, "Riƙe ta, hannuna ya gaji."